Bach da Beethoven a kan akodiyon mai layi biyu: me ke shiga, me ke ƙi?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan akodiyon mai maɓallai ce, irin wanda kowane maɓalli ke ba da sauti biyu, ɗaya in an tura zugazugi, ɗaya in an ja. G/C ne, wato layin waje a ki ɗin G, na ciki a C, maɓalli 21 a dama, 8 a hagu. Yaya ake ɗauko kiɗan kilasik da aka rubuta wa fiyano ko celo a zaunar da shi a kansa? Misali Minuet ɗin nan na G da ke littafin Anna Magdalena Bach. Gaɓa 16 na farko suna shiga, amma da gargada. Daga gaɓa ta 20 kuma sai komai ya watse.

Tura-Ja: Wa alaikumussalam. Ƙanena, ajiye takardar kiɗan tukuna, ka ɗauko farar takarda ka raba ta gida biyu, turi da ja. Ba a fara wannan aikin sai da taswirar nan.

Idan naka irin wanda G ke farawa a maɓalli na 3 ne, layin waje ga yadda yake, turi sannan ja: 2 D/F#, 3 G/A, 4 B/C, 5 D/E, 6 G/F#, 7 B/A, 8 D/C, 9 G/E, 10 B/F#, 11 D/A. Layin ciki ana sa masa waƙafin sama don a bambanta: 2' G/B, 3' C/D, 4' E/F, 5' G/A, 6' C/B, 7' E/D, 8' G/F, 9' C/A, 10' E/B.

Tattara su ka gani. A turi sauti biyar ne kacal: G, B, D, C, E. A ja bakwai: A, B, C, D, E, F, F#. Ke nan B, C, D da E kana da zaɓi a kansu. G ba ya zuwa sai a turi. A, F da F# ba sa zuwa sai a ja. Waɗannan huɗun su ne masu iko da hannunka, sauran bi suke yi.

A hagu kuma: G a turi D a ja, C a turi G a ja, E manjo a turi A maino a ja, sai F da ke nan ta kowace fuska. Kowanne bas ɗaya (sauti guda mai kauri) da kod ɗaya (sautuka uku masu fita tare). Babu B ko kaɗan.

Malamar Fiyano: Kafin a yi nisa, ƙaramin gyara. Minuet ɗin ba Bach ne ya tsara shi ba, na Christian Petzold ne, makaɗin ogan na Dresden. An kwafe shi ne a littafin matar Bach na 1725, aka daɗe ana jingina shi ga maigidan, sai a shekarun 1970 masu bincike suka mayar wa mai shi kayansa. Lambarsa BWV Anh. 114 in za ka nema a IMSLP, rumbun takardun kiɗa na intanet. Ka ɗauko asalin takardar mai murya biyu, kar ka ɗauki wanda wani ya riga ya cusa wa kod.

Gargadar da kake ji daga gaɓa ta farko take. Karin shi ne D, sai G A B C da sauri. In ka tsaya a layin waje kaɗai za ka yi 8 turi, 6 turi, 7 ja, 7 turi, 8 ja, sannan 8 turi a gaɓa ta biyu. Juyi huɗu ke nan cikin ƙanƙanin lokaci, kowane juyi kuma yana yanke numfashin sautin. Tsallaka layi: D da G a turi, A a 7 ja, B a 6' ja, C a 8 ja, ka dawo turi a kan D. Juyi biyu. Hagu ba ya shan wahala domin G yana nan ta fuska biyu, yatsa kawai za ka matsar daga wannan bas zuwa wancan.

Gaɓa ta 3 ta fi daɗi. E C D E F# ne a kan C, kuma C na hagu a turi kawai yake. To 7', 6', 8, 7' duk a turi, sai F# a 10 ja. A daidai F# ɗin nan ka ɗaga hannun hagu gaba ɗaya. In ka bar yatsa a kan maɓallin, C zai koma G a tsakiyar gaɓa, kunne kuma zai kama.

Sabon Hannu: Na gode Malama. To C# ɗin gaɓa ta 20, 21 da 23 fa?

Tura-Ja: Duba maɓalli na 1 a kowane layi. A yawancin G/C can ake ɓoye baƙin sautuka huɗu, waɗanda ba sa cikin ki ɗin layukan biyu: C#, Eb, G# da Bb. Wanne ke turi wanne ke ja ya danganta da maƙerin, don haka danna naka ka saurara, kar ka dogara da zanen intanet.

In C# ɗinka a ja yake, ka huta. Gaɓa ta 21, A B C# D E F#, duk za ta tafi a ja ɗaya: 7, 6', 1, 7', 9, 10, da bas ɗin A a ƙarƙashi. Bas kaɗai fa, ban da kod, domin kod ɗin maino ne, C ɗinsa zai yi karo da C#. In a turi yake, babu A a hagu a wannan fuskar. Sai ka sa bas ɗin E, wanda shi ne na biyar a kod ɗin A, kunne zai cike sauran. Ko ta yaya dai akwai tsalle daga 6' zuwa 1 a dawo 7', tazarar da ta kai santimita 10, cikin sauri kuma. Manuniya ce za ta je, sauran yatsu su tsaya kusa da gida.

Na Trossingen: Duk wannan wahalar ba ta taso ba. Ku sauke kiɗan zuwa C. Me rabin na biyu yake yi? Ƙaura yake yi zuwa ki na biyar, daga G zuwa D. A G/C layin waje shi ne na biyar ɗin layin ciki. In ka fara a C, ƙaurar za ta kai ka G, C# ɗin da ke ba ka ciwon kai ya zama F#, wanda ke zaune a 6 ja, ga kuma D manjo a hagu a ja yana jiransa. Gaɓa ta 20 za ta zama F# E F# D: 6, 5, 6, 3', duk a ja. Ba tsalle, ba aron bas.

Wannan ba a Minuet kaɗai ba ne. Kusan duk raye-rayen zamanin Bach da Handel da ke manjo haka aka gina su, rabin farko ko farkon na biyu ya leƙa na biyar ya dawo. Saboda haka a mai layi biyu, a fara gwada ki ɗin layin ciki kafin na waje. A G/C a gwada C, a D/G na Ingila a gwada G, a C/F na Jamus da Holan a gwada F.

Malamar Fiyano: Yaya, lissafinka daidai ne amma akwai kuɗin da ake biya. In ka ɗaga shi sama da huɗu, gaɓa ta 17 za ta fara a 10', maɓalli na ƙarshe, inda harsunan ƙarfen da ke ba da sauti suke ƙanana suna tsiwa kamar sauro. In ka sauke shi ƙasa da biyar, karin zai zauna tsakanin 3 da 7', ya shiga unguwar kod ɗin hagu, su cakuɗe. Manyan harsuna kuma suna jinkirin amsawa, suna shan iska. Kwalliyar da Petzold ya sa a kan wasu sautuka ba za ta fita tsaf a can ƙasa ba.

Na Trossingen: Na yarda da cakuɗewar, amma maganinta a hagu yake. A sauke shi, a daina danna kod, a bar bas kaɗai gajere-gajere. Petzold ma murya biyu ya rubuta. In akodiyon ɗin mai murya uku ne, wato harsuna uku a kowane sauti, a rufe ta ƙasan a bar na tsakiya biyu. Shi ke nan.

Baba Mai Gyara: Ku bari in sa baki kan hagun nan, don nan ne yawanci ake ɓata kiɗan Turawan da. Akodiyon ɗin nan an ƙera shi ne don rawa. Tun wanda Cyrill Demian ya yi wa rajista a Biyana a 1829, abin da ya sa a gaba shi ne maɓalli ɗaya ya ba da kod ɗungum. Hannu ya saba da bas-kod-kod. In ka yi wa Minuet bas-kod-kod, ya tashi daga Minuet ya koma wals na gidan biki. Ba laifi ba ne in abin da kake so ke nan, amma ka san ka yi.

Kowane kod harsuna uku ne: tushe, na uku, na biyar. Na ukun shi ke faɗin manjo ne ko maino. Cire shi, kod ɗin ya zama ba ruwansa, D ya yi maka aikin D manjo da D maino, E haka, A haka. Wasu akodiyon irin na kamfanonin Castagnari da Saltarelle suna zuwa da ɗan marfi da ake ja a rufe na ukun. In naka babu, ga yadda ake yi. Zare ƙusoshin da ke riƙe zugazugi ta ɓangaren hagu da filaya, ka jera su a kan takarda yadda ka ciro su, don kowace ta koma raminta. Kwance katakon da harsunan kod ke kai, in mai kwancewa ne. Gano ramin na ukun ta hanyar taɓa harshen a hankali da siririn abu kana saurare. Liƙe ramin ta ƙasan katakon da tef ɗin takarda irin na masu fenti, faɗinsa daidai ramin, kar ya hau na kusa. Kada a yi amfani da salatif, ƙaronsa yana narkewa ya bi fatar bawul. Rami ɗaya yana ɗauke da turi da ja duka, don haka in ka rufe na E ka rufe na A maino tare. Duba kuma ko maƙerin ya jera su yadda na uku na turi da na ja suke rami guda. A wasu tsofaffi ba haka suke ba, sai ka rufe na uku a turi ka tarar ka kashe tushe a ja.

Tura-Ja: Baba, ban goyi bayan a rufe su duka ba. Ga dalili. Ɗauki karin nan na babin ƙarshe na Simfoni ta 9 ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a Biyana a 1824. Asalinsa a D yake. Kowa a G yake kaɗa shi a kan G/C don yana faɗawa layin waje ba wahala. Amma a gaɓa ta 11 da 12 Beethoven ya ɗan kauce: a G za ka buƙaci B manjo, E maino, A manjo, D. Uku daga ciki babu su a hagu. Mai da shi C, sai su zama E manjo, A maino, D manjo, G, kamar don su aka ƙera bas takwas ɗin. E a 7' turi da kod E. D a 8 turi, kod E yana nan, ya zama E mai bakwai. C a 8 ja da A maino. D a 7' ja da D manjo. G a 6 turi da G. Duk daɗin wurin nan G# ɗin da ke cikin E manjo ne, yana jan kunne zuwa A. Wanda ya liƙe shi da tef ya zubar da romon.

Baba Mai Gyara: Ai shi ya sa marfi ya fi tef. Mai tef sai ya zaɓa. Amma ɗauki Kanon na Pachelbel ka ga kishiyar maganarka. Bas ɗinsa sauti takwas ne da ke maimaituwa sau 28. A C: C, G, A maino, E maino, F, C, F, G. Na huɗun E maino ne. Danna E manjo a nan, ko wanda bai san kiɗa ba sai ya ɗago kai.

Tura-Ja: Akwai hanya ba tare da tef ba. Bas ɗin E haɗe da kod ɗin G, duk a turi: E, G, B, D. E maino mai bakwai ke nan, kuma ya zauna lafiya a Kanon. Irin wannan aure na bas ɗin wani da kod ɗin wani shi ne rabin sana'ar. A ja, bas D da kod F suna ba da D maino mai bakwai. Bas F da kod A maino suna ba da F manjo mai bakwai. Bas A da kod F, F ne mai na uku a ƙasa. A turi, bas E da kod C haka nan. Yatsa biyu ne a maɓallai da ba sa maƙwabtaka, sai an saba.

Kanon ɗin ma kyauta ce ga wannan akodiyon. Shigar goge ta farko a C ita ce E D C B A G A B. E turi da C, D ta ko'ina, C a 8 ja da A maino, B a 7 turi da E, A ja da F, G turi da C, A ja da F, B yadda iska ta so. Zugazugi yana kai da komo da kansa, ba ka taɓa maɓallin iska ba.

Malamar Fiyano: Sai dai a faɗa wa mai tambaya gaskiya: abin da zai fito ba kanon ba ne. Goge uku ne ke bin juna da tazarar gaɓa biyu, shi ne ma'anar sunan. Hannu ɗaya a kan maɓallan da ke canza sauti ba zai riƙe murya uku ba. Abin da ake yi shi ne a ɗauki layin goge na farko, a ƙara murya ta biyu a wuraren da suke tafiya da tazarar uku ko shida, inda maɓallan ke kusa kuma fuskarsu ɗaya. A zagaye 28 ɗin, a zaɓi takwas ko goma. In akwai mutum biyu ko uku masu G/C, to a raba musu layukan yadda Pachelbel ya rubuta, ɗaya kawai ya riƙe bas, sauran su bar hagu ya huta.

Sabon Hannu: Maganar iska fa? Wani wuri zugazugin yana rufewa kafin jimla ta ƙare.

Ɗan Celo: Wannan a kan takarda ake magance shi, kafin a ɗauki akodiyon. Bayan ka rubuta T (turi) ko J (ja) a ƙarƙashin kowane sauti, ƙirga bugu nawa ne turi, nawa ne ja a kowace gaɓa huɗu. In turi 10 ne ja 2, ka san za ka maƙale. Koma kan B, C, D da E ka juya waɗanda hagu ya yarda a juya.

Share fagen Suite ta farko ta celo ta Bach, BWV 1007, misali ne mai kyau. Ɗaga shi oktaf ɗaya. Gaɓa ta farko G D B A B D B D: 3, 5, 7 a turi, A kaɗai ke neman ja. Ta biyu G E C B C E C E: 3, 4', 6', 7, turi zalla, sauti 16. Ta uku G F# C B: G turi, sauran ja a 6, 8, 6'. To ga dabara. A gaɓa ta farko, bayan G ɗin ƙasa, ka juya nan take ka kaɗa sauran a ja: D a 3', B a 6', A a 7. Zugazugi zai buɗe, ka shiga gaɓa ta biyu da iska a hannu. A ta uku kuma kana iya barin G ɗin dama gaba ɗaya, ka ba bas ɗin G na ja, gaɓar duka ta tafi fuska ɗaya. Murya za ta ɗan canza, amma G ɗin nan dama aikin bas yake yi.

Maɓallin iska kuma ba a danna shi a wurin shiru kaɗai. Ana ɗan taɓa shi da babban yatsa yayin da sauti ke fita, a fuskar da ba ta da yawa, don zugazugi ya yi tafiya mai nisa cikin gajeren lokaci. Illarsa sautin yana raguwa a daidai lokacin, sai an ƙara ƙarfin hannu ya rama. A yi shi a kan bugu mara nauyi.

Daga gaɓa ta 5 kuwa tsugune ba ta ƙare ba. C# ya shigo, kuma na ƙasa ne, ba na oktaf ɗin da maɓalli na 1 ya saba bayarwa ba. Baƙin sautukan nan sau ɗaya suke zuwa a duk faɗin akodiyon. Ko dai a ɗaga wannan guntun oktaf, layin ya karye, ko a haƙura da kiɗan a mai layi biyu.

Na Trossingen: A kan A da ba ya zuwa a turi, akwai gyaran da mutanen Holan ke yi. Ana juya harsunan 5', ya koma A a turi G a ja. Ba ka rasa komai ba, don G na turi yana 6, A na ja yana 7. Da wannan, gaɓar farko ta Minuet a G duk turi ce: 8, 6, 5', 7, 6'. In a C ne, gaɓa ta 3, A F G A B, duk ja ce. Tsarin Club na kamfanin Hohner wata hanya ya bi, maɓallin ya ba da sauti ɗaya ta fuska biyu, wanda a G/C zai zama G da G.

Baba Mai Gyara: Juyin ba wuya. Ana yanke kakin da ke riƙe farantin, a juya shi, a sake zuba kaki, a duba bawul, sannan a sake saita sautin don yakan ɗan motsa. Mai murya biyu faranti biyu ne. Sai dai duk takardar yatsu da aka rubuta wa tsarin asali za ta yi maka ƙarya a 5', kuma in ka ari na wani hannunka zai ruɗe.

Tunda an zo kan saiti: rawar murya. Harsuna biyu na kowane sauti ana ɗan bambanta su don su yi karkarwa. A wajen A 440, bambancin bugun karkarwa ɗaya a daƙiƙa kusan senti 4 ne, senti kuwa kashi ɗaya ne cikin ɗari na rabin sauti. Mai bugu huɗu ko biyar yana da daɗi a filin rawa, amma a kiɗa mai murya biyu kunne ba ya gane inda kowace ta tsaya. Don Bach, bugu ɗaya ko ƙasa da haka, ko a rufe ɗaya a bar harshe guda. Kakin nan kuma na zuma ne da ƙaro, zafin mota a rufe a watan Afrilu yana sassauta shi faranti ya zame, hunturu kuma yana busar da fatar bawul ta lanƙwashe. Bawul da ya lanƙwashe iska yake zubarwa, lissafin Ɗan Celo duk ya tashi a banza.

Sabon Hannu: Für Elise ta Beethoven fa? Tunda A maino ne, ga A maino da E manjo a hagu.

Malamar Fiyano: A takarda kamar an yi su don juna, a hannu kuwa tarko ne. Farkonsa E D# E D# E B D C A. D# ɗin shi ne Eb na maɓalli na 1, E kuma yana 9 a ja ko 7' a turi. Sautuka biyu da ke manne a fiyano, a nan suna gabas da yamma, kuma sau biyu za ka je ka dawo. Sannan E G# B yana son kod E, wanda ke turi. In G# ɗinka a ja yake, sai ka saki hagu, ka juya don sauti ɗaya, ka dawo. Sashe na biyu ya koma F yana neman Bb, na uku yana da gangara ta rabin-rabin sauti wadda babu ita a layi biyu. Sashen farko kaɗai, a hankali, zai yiwu. Ni dai ba zan ba ɗalibi shi ba.

Gymnopédie ta farko ta Satie, ta 1888, ta fi ban sha'awa a matsayin darasi. Kod biyu ne ke musanya, G da D, kowanne manjo mai bakwai. A C za su zama F da C. Bas F da A maino a ja, bas C da E mara na uku a turi, ka ce an gama. Sai kari ya shigo: gaɓa ta 5 tana son G a kan F na ja, G kuwa turi ne. Ta 6 tana son F a kan C na turi, F kuwa ja ne. Na farkon ana kauce masa da F na turi, na biyun babu mafita. Koma G: kod su zama C da G, kari B D, C B F#, E F# G, D. B da D a turi kan C. C B F# a ja kan G, 8, 6', 6. A gaɓa ta 7 bas C da E a turi, F# a ja da kod A maino a madadin, G a turi. Ga shi nan ki ɗin layin waje ya yi nasara, sabanin ƙa'idar Yaya.

Na Trossingen: Na ce a fara gwadawa, ban ce a tsaya a can ba. Amma B ɗin da ake riƙewa gaɓa huɗu bayan nan fa? Fiyano yana barin sauti ya mutu da kansa. Akodiyon ba ya mutuwa sai ka kashe shi.

Malamar Fiyano: B a 4 turi, C da G na hagu duk a turi, gaɓa huɗu a hankali. Dole ka iso wurin da zugazugi a buɗe, don haka D na gaɓa ta 8 a ɗauke shi a 3' ja da G na ja, a taɓa maɓallin iska. Sannan a riƙa sassauta hannu B ɗin yana dusashewa, a sake shi a gaɓa ta uku. Matsalar ita ce zugazugi ɗaya ne ke ciyar da hannu biyu, duk lokacin da bas ya shigo sai ya saci iska B ɗin ya yi ɗan nutso. Bas gajere, kod gajere, shi ne sauƙinta.

Tura-Ja: Wanda ya ga layi biyu ya yi masa kaɗan, akwai mai layi biyu da rabi, da mai layi uku da bas 12 ko 18 irin tsarin François Heim ko na Milleret da Pignol a Faransa, inda layi na uku ke ɗauke da baƙin sautuka da kuma G na ja da A na turi. Akwai B/C/C# na Birtaniya, wanda makaɗin Scotland Jimmy Shand ya yi suna da shi, dama tana da dukkan sautuka 12, hagu kuma bas ne irin na babban akodiyon da ba ya canzawa da fuska. Amma nauyi yana ƙaruwa, kuma hagu mai nauyi yana rage saurin juyi.

Ƙanena, wajen rubutawa ka yi layi uku: kari a sama, lambobin maɓalli a tsakiya, hagu a ƙasa. Tsarin CADB na Faransa layi biyu ne, na turi da na ja, lambar layin ciki da waƙafin sama kamar yadda muke yi a nan. Na Corgeron kowane layin maɓalli da nasa layi, a ja wa lambar ja layi a ƙasa. Na farkon ya fi nuna iska da kallo ɗaya. MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, zai sauya maka ki cikin daƙiƙa, sai ka buga Minuet ɗin a G da C ka yi wa G, A, F da F# alama da jan biro kafin komai.

Sabon Hannu: Na duba, C# ɗina a turi yake, G# a ja.

Na Trossingen: To C ke nan, a ƙasa. Ka lura da gaɓa ta 21, D E F# G A B: G ɗin tsakiya turi ne shi kaɗai, a 6, maɓalli ɗaya da F#. Kar ka ɗaga yatsa, juya zugazugi kawai, bas D kuma ka sake shi tun a bugu na farko.